Ku Tambayi Mai Gyara: Idan Fuskar Waya Ta Daina Jin Yatsa

Assalamu alaikum masu karatu. Yawancin saƙonnin da suka taru a wannan karo kan abu ɗaya suke: waya na kunne, haske na nan, amma an taɓa ta ƙi motsi, ko kuma ta kama motsi ba wanda ya taɓa ta. Na zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, na cire sunaye kamar yadda muka saba. Daga bencina a nan Birnin Kebbi nake amsawa, da abin da nake gani a hannun jama'a kullum.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina sayar da atamfa da leshi daga gida, duk cinikina ta WhatsApp nake yi. Shekaranjiya ina cikin tura wa wata hotuna sai wayar ta tsaya cik. Kira na shigowa, ina ganin suna, amma ko na ja ba ta ɗauka. Ba ta faɗi ba, ba ta shiga ruwa ba. Yaron da na aika kasuwa da ita ya dawo ya ce wai sai an sauya sikirin, kuɗin da aka faɗa kuma ya kusa rabin kuɗin wayar. In biya? Daga wata Hajiya a Jega.

Amsa: Hajiya, kada ki biya tukuna. Wayar da ba ta faɗi ba, ba ta sha ruwa ba, ta kuma tsaya ana tsakiyar aiki da ita, ba sikirin ake fara zargi ba. Sau da yawa ƙwaƙwalwar wayar ce ta cushe ta daina karɓar saƙon yatsa, gilashin kuwa lafiyarsa lau.

Ki fara da tilasta mata ta mutu ta sake tashi, wanda ba ya buƙatar taɓa fuskarta ko kaɗan. A yawancin wayoyin Android, irin su Tecno da Infinix da itel da suka cika hannun mutanenmu, maɓallin kunnawa za ki danna ki riƙe har hasken ya ɗauke, tambarin kamfani ya fito. Wata daƙiƙa 10 ta ishe ta, wata sai an kai 30. Mutane da yawa da sun ga alamar kashewa ta bayyana sai su saki maɓallin su tsaya ƙoƙarin taɓa ta. Ke dai ki ci gaba da riƙewa. In Samsung ce, ki haɗa maɓallin kunnawa da na rage murya, ki riƙe su tare fiye da daƙiƙa 7. Masu iPhone 8 zuwa sama kuwa sai su danna na ƙara murya su saki, su danna na ragewa su saki, sannan su riƙe na gefe har tambarin Apple ya fito. Wannan ba ya goge komai. Hotunanki da lambobin abokan cinikinki suna nan yadda kika bar su.

Idan ta tashi tana jin hannu, kada ki ce an gama, ki leƙa ma'ajiyarta. Sana'a irin taki tara hotuna da bidiyo take yi, ga na zaurukan WhatsApp da ke sauka da kansu dare da rana. Waya in cikinta ya cika maƙil nauyi take yi, ki taɓa yanzu sai can ta amsa, har wata rana ta sandare gaba ɗaya. Ki kwashe tsoffin hotunan kaya zuwa memori, ki shiga saitin WhatsApp ki hana bidiyo sauka sai wanda kika zaɓa.

In kuwa ta tashi amma har yanzu shiru, to bari in ɗan faɗa miki yadda abin yake aiki, don daga nan ne sauran amsoshin yau duka za su fito. A ƙarƙashin gilashin da kike taɓawa akwai wani siririn shimfiɗi mai layukan lantarki da ido ba ya gani, wasu a tsaye wasu a kwance, kamar saƙar tabarma. Jikin mutum yana ɗaukar lantarki, don haka duk inda yatsa ya sauka, ɗan cajin da ke mahaɗar layukan yakan sauya. Wani ɗan ƙaramin ayisi, wato ƙanƙanin guntun lantarki da ke cikin waya, shi ne ke lissafa wurin ya sanar da ƙwaƙwalwar waya. Ƙarfin dannawa ba ya cikin lissafin. Wayoyin da, irin Nokia 5800 ta 2008, su ne ake dannawa da farce ko tsinke. Daga fitowar iPhone a 2007 kamfanoni suka riƙa komawa wannan tsarin sannu a hankali, har ya zama shi ne a kusan kowace waya. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga mutum yana danna sikirin da ƙarfi don ya ƙi amsawa: ba abin da zai ƙaru sai tsagewa.

Tun da haka ne, duk abin da ya shiga tsakanin yatsa da gilashi zai iya rikita ta. Ki cire rigar wayar, ki ɓare sikirin gad ɗin, musamman in ya tsage ko iska da ƙura sun shiga ƙarƙashinsa. Ki goge fuskar da tsumma mai laushi, ki tabbata hannunki ba gumi, ba ruwa, ba maiƙon girki. Sannan ki gwada.

Saura gwaji ɗaya, na gano ko wata manhaja da aka sauke ce ke riƙe wayar. Ki sake tilasta mata ta mutu, da zarar tambarin kamfani ya fito ki danne maɓallin rage murya har ta gama tashi. A wayoyi da yawa za ki ga an rubuta "Safe mode" a ƙasan fuskar, ma'ana ta tashi da manhajojinta na asali kawai. In ta ji hannu a haka, sikirin ya kuɓuta daga zargi. Sai ki cire manhajojin da aka saka kwanan nan, musamman waɗanda aka turo ta Xender ba a san asalinsu ba, da masu cewa suna wanke waya ko ƙara mata gudu.

Ba na cewa mai gyaran ya yi niyyar cutar ki. Amma duk wanda ya yanke wa sikirin hukunci bai yi waɗannan gwaje-gwajen ba, ya yi gaggawa da kuɗin da ba nasa ba.

Tambaya: Oga, ni ɗan kasuwar albasa ne a Aliero. Wayata in dai tana caji sai ta dinga danna kanta, ta buɗe wanga ta rufe wancan, har ta taɓa kiran ubangidana da tsakar dare. In na cire ta daga caji sai ta natsu. Wurin mai janareto nake kai ta don wuta ba ta zama unguwarmu. Abokaina na cewa kutse aka yi mini. Mi ke faruwa?

Amsa: Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, ba wanda ya shiga wayarka. Kai da kanka ka kawo amsar da ka ce in ka cire ta daga caji sai ta natsu. Wutar da ke shiga wayar ce ba ta da tsabta.

Cajin da sikirin ke aunawa ƙanƙani ne ƙwarai. Caja mai kyau tana da kayan da ke tace wuta kafin ta isa waya. Ta araha kuwa, irin wadda in ka ɗaga za ka ji ba ta da nauyi, an rage waɗannan kayan don a sauke farashi, sai wutar ta shigo da hargitsi, sikirin ya ɗauka yatsu ne ke sauka a kansa. Haɗa wannan da ƙaramin janareto da ke hawa yana sauka, ga wayoyi barkatai a jone a allo ɗaya, ka ga abin ya taru ya yi yawa.

Ka gwada ta da wata caja ta asali a wani wurin daban. In ta daina, ka sayi kan caja da igiya masu kyau, ka riƙa kai wa mai cajin naka, kada ka bari a jona maka da duk wadda hannu ya kai. Abin da na fi so ga irinku masu yini a kasuwa shi ne fawa bank: shi za ka bayar a yi wa caji, kai kuma ka ciyar da wayarka daga gare shi. Wutarsa a natse take, kuma wayarka ba ta kwana a hannun wani. Ka duba ramin cajin ma, don ƙura da ɓawon albasa sukan taru a ciki. Da busasshen tsinken sakace ake fitar da su a hankali, waya na kashe, ba da allura ba.

Kafin ka gyara, ka riƙa kulle fuskar wayar duk lokacin da take caji, kuma kada ka buɗe manhajar banki tana jone. Wayar da ta kira ubangidanka ba da izininka ba za ta iya danna lambar da ba ka nufa ba. In kuma ka ga ta fara wannan rawar ko ba a caji, to maganar ta koma kan sikirin ko danshi, sai a buɗe a duba.

Tambaya: Jikana ne ke rubuta mini wagga takarda. Ni manomi ne a Bunza. Ɗana ya aiko mini da babbar waya, amma in na taɓa ta sai na yi ta fama, in yaran gida suka taɓa nan take take amsawa. Da hunturu abin ya fi tsanani. Ko wayar ba ta dace da ni ba ne, in koma ƙaramata mai maɓalli?

Amsa: Baba, Allah shi ƙara lafiya da nisan kwana. Wayar ba ta da laifi, ku ma ba ku da shi. Hannun da ya shekara yana riƙe da fartanya yakan yi kanta, fatar kan yatsa ta yi kauri ta bushe, busasshiyar fata kuwa ba ta isar da lantarki kamar mai laushi. Iskar hunturu tana ƙara busar da ita, shi ya sa kuka lura abin ya fi tsanani a lokacin. Ina ganin haka wurin magina da maƙera da masu faskare.

Ku riƙa ɗora tsokar yatsa a kwance, ba bakin farce ba, kuma ba sai kun danna ba, ɗorawa kawai ta isa. Ku gwada ƙaramin yatsa ko na kusa da shi, don sun fi sauran laushi. Shafa man kaɗanya ko basilin da dare yana taimakawa, amma a goge hannu sosai kafin a ɗauki waya. In ana sauri, hura wa yatsa iskar baki ma takan wadatar.

Jikan naku kuma ga nasa aikin. Ya duba ko an manna wa wayar sikirin gad mai kauri, in haka ne a sauya da siriri. Ya shiga saitin fuska, wayoyi da dama, har da Samsung, suna da wurin ƙara wa sikirin saurin ji, wasu kuma an yi shi ne don masu safar hannu. Ya kunna muku shi. A Samsung akwai ma saitin da ke sa a amsa kira da maɓallin ƙara murya, ba sai an ja komai ba. Akwai kuma alƙalamin waya mai kan roba, ba shi da tsada, ana samunsa wurin masu sayar da kayan waya. Kada ku mayar da wayar, Baba. Ɗanku ya aiko ta ne don ya riƙa ganin fuskarku in ya kira.

Tambaya: Malam, yara sun yi wasa da wayata, yanzu duk abin da na taɓa sai wani akwati ya zagaye shi, wata murya ta yi ta magana da Turanci, kuma ba ya buɗewa. Ko ja sama ba ta yi. Daga wata uwa a Birnin Kebbi.

Amsa: Malama, wannan ko sisi ba zai ci ba. Yaran sun kunna TalkBack ne, tsarin da Google ya yi domin makafi, wanda ke karanta musu abin da yatsa ya taɓa. In yana kunne, taɓawa ɗaya zaɓa ce kawai, sai an taɓa sau biyu da sauri abu ke buɗewa, ja sama ko ƙasa kuma da yatsu biyu ake yi. Ki danne maɓallin ƙara murya da na ragewa tare na daƙiƙa 3, a wayoyi da yawa nan take zai mutu. In bai mutu ba, ki bi ta saiti da wannan salon taɓawa biyu, ki nemo sunan TalkBack ki kashe. Kada ki yarda a ce miki sai an yi filashin, wato a goge duk manhajar wayar a sake ɗora mata.

Tambaya: Ni direba ne, ina jigila tsakanin Kamba da Birnin Kebbi. Gefen sikirin ɗin wayata ya ɗago har ina ganin haske ta ƙarƙashi, wajen kuma ba ya taɓuwa. Na sa gam na danne, ya sake ɗagowa. Wane gam ya fi ƙarfi?

Amsa: Malam direba, don Allah ka ajiye maganar gam, ka kashe wayar nan yau. Abin da ka kwatanta alamar batir ne da ya kumbura yana turo sikirin daga ciki. Batirin lithium in ya kumbura iskar gas ce ta taru a cikinsa, in aka matse shi ko aka huda zai iya kamawa da wuta. Kada ka sake sa ta a caji, kada ka kwana da ita kusa da kai, kada ka bar ta a mota. Ka kai a cire batirin a saka sabo. In ka yi sauri, sau da yawa sikirin yakan koma mazauninsa ya ci gaba da aiki. In ka bari kuwa sai ya tsage, ka sayi abu biyu.

Ina kyautata zaton a gaban gilashin mota kake ajiye ta, tana caji rana na dukanta. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da wayoyinsa a zafin da bai wuce digiri 35 ba, sauran ma kusan haka suke. Mu kuwa a nan, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe. Zafi na kashe batir, yana kuma sassauta gam ɗin da ke riƙe da sikirin. Ka samar mata wuri a inuwa cikin motar.

Tambaya: Malam, wayata ta faɗa ruwa a bakin kogi muna sauke kaya daga kwalekwale. Na ciro ta nan take, na tura ta cikin buhun shinkafa ta kwana. Da safe ta kawo, na yi murna, na sa ta caji. Bayan kwana biyu rabin ƙasa ya daina taɓuwa, yanzu ko lambar buɗewa ba na iya sawa. Daga wani matashi a Yauri.

Amsa: Ƙanena, na san a Kebbi shinkafa ba ta yi wa kowa nisa, shi ya sa wannan dabarar ta zauna mana. Amma shinkafa ba ta janyo ruwan da ya riga ya shige ƙarƙashin ayisi da mahaɗan waya. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa kada a sa wayarsa a shinkafa, don ƙananan ɓarɓashinta na iya shiga su yi ɓarna. Babbar illarta a wurina ita ce kwanciyar hankalin da take ba mutum: ya ga waya ta kawo, ya ɗauka ta bushe, ya jona ta a wuta.

Ga abin da ya faru a cikin taka. Ruwan kogi yana ɗauke da laka da gishirin ƙasa. Da ya haɗu da wutar batir, sai ya fara cin ƙananan ƙafafun ƙarfen da ke haɗa igiyar sikirin da fanel, wato babban allon lantarkin da ke cikin waya. Wannan cin ba ya nunawa a rana ɗaya, a hankali yake yi. Da tsatsa ta cinye ƙafafun da ke ɗauke da layukan ƙasa, sai duk wannan yankin ya mutu. Cajin da ka sa ya ƙara wa abin sauri.

Yanzu ka kashe ta, ka cire layi da memori, ka kai ta wurin mai gyara yau, ba gobe ba. Ka faɗa masa gaskiya cewa ruwa ta sha, don wasu sukan ɓoye suna tsoron a ƙara musu kuɗi, alhali akwai 'yar farar takarda a cikin waya, sau da yawa a ramin layi, da ke komawa ja in ruwa ya taɓa ta. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya buɗe, ya fara cire igiyar batir, ya wanke fanel da mahaɗan da sifirit na gyaran waya da ɗan burushi, ya busar, sannan ya gwada. Wani lokaci wankin kaɗai ke dawo da taɓawar. In bai dawo ba, ya jona wani sikirin na gwaji a gani kafin a ce ka saya, don in tsatsar ta kai ga fanel, sabon sikirin ma ba zai yi aiki ba.

Ga sauran mutanenmu na bakin ruwa, daga Yauri har Argungu, da masu aikin fadama: in ta faɗa, a kashe nan take, a cire riga da layi, a goge, kada a girgiza, kada a hura, kada a shanya a rana ko a kai kusa da murhu, kada kuma a gwada caji. Wanda wayarsa ke da lambar IP67 ma kada ya sake. Ma'anarta an gwada ta a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30 tana sabuwa. Da ta tsufa, ko aka taɓa buɗe ta, wannan kariyar ta ragu.

Tambaya: Yallaɓai, ni ɗaliba ce a jami'ar da ke Kalgo, ina shekarar ƙarshe. Wayata ta faɗi, gilashin ya tsage, ina ganin komai amma ba ta taɓuwa sam. Duk rubutun binciken kammala karatuna yana ciki, da hotunan mahaifiyata da ta rasu. Wani ya ce a fara yi mata filashin ko za ta dawo. Ba ni da kuɗin sikirin yanzu. Me zan yi?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya sa ta huta. Ɗiyata, kada ki bari kowa ya yi wa wayar nan filashin, ko ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Gilashin da ya tsage a faɗuwa ba ruwansa da manhaja. Filashin ba zai haɗa layin da ya yanke ba, abin da zai yi kawai shi ne ya share rubutunki da hotunan nan, kuma wayoyin yanzu a kulle suke adana bayanai, in an share ba mai dawo da su. Bayan haka ma wayar za ta tashi tana neman adireshin Gmail da kalmar sirrin da aka fara saita ta da su, mutane da yawa kuwa a shago aka buɗe musu, ba su riƙe ba. Na fi jin zafin wannan a kan duk wata ɓarna da ake yi a sana'armu, domin sikirin ana sayen wani, hoton mamaci kuwa babu inda ake sayar da shi.

Tun da kina ganin komai, akwai hanya mai sauƙi in wayar Android ce. Ki nemi 'yar mahaɗar da ake kira OTG wadda ta dace da ramin cajinki, ki ari linzamin kwamfuta mai igiya, wato maus, wurin masu buga takardu a makaranta. Ki jona shi da wayar, za ki ga 'yar kibiya ta fito a fuskar. Da ita za ki danna lambobin buɗewa, ko ki ja zanen in zane kike amfani da shi. Da kin shiga, ki fara da abin da ba shi da madadi: ki tura rubutun zuwa imel ɗinki, ki ɗora hotunan a Google Drive, wanda ke ba kowane mai Gmail gigabayit 15 kyauta, ko ki kwafe su zuwa memori. Lambobin mutane da ajiyar WhatsApp su biyo baya.

Wasu wayoyin sai an kunna OTG daga cikin saiti kafin su karɓi linzamin, wanda ba zai yiwu ba tun da ba ta taɓuwa. In taki irin su ce, ki je wurin mai gyara ki roƙe shi ya jona miki sikirin na aro ba tare da ya manna ba, ki buɗe wayar da hannunki, ki kwashe kayanki kina zaune a wurin, ki biya shi ladan aikinsa. Wannan bai kai kuɗin sabon sikirin ba ko kusa, kuma mai gyara na kirki ba zai ƙi ba.

Ranar da kuɗi suka samu, ga abin da za ki kula da shi. A yawancin wayoyin yanzu gilashi da shimfiɗin taɓawa da abin nuna hoto a manne suke wuri ɗaya, don haka gaba ɗaya ake sauyawa. Kuma sikirin hawa-hawa ne. Ki tambaya a fili ko na asali ne ko kwafi, a faɗa miki kuɗin kowanne. Kwafi ba haramun ba ne ga wanda ƙarfinsa ke nan, amma a sani araha ba ta ado: haskensa bai kai ba a rana, gefunansa sukan yi gardama. In wayarki mai nau'in sikirin da ake kira AMOLED ce, da ake ɗora yatsa a kan gilashi ta buɗe, aka sa mata kwafi na nau'in LCD, wannan buɗewar ta tafi. Garantin kamfani, wanda yawanci shekara guda ne, ba ya ɗaukar tsagewa ko ruwa, don haka kada ki ɓata kuɗin mota a kansa. Wanda tasa ta daina taɓuwa haka kawai tana sabuwa shi ne ya kamata ya nufi ofishin kamfani da rasit, kafin kowa ya buɗe ta.

A gwada sabon sikirin a gabanki kafin a sa gam. Dalili kuwa, wani lokaci faɗuwa takan taɓa ayisin da ke kan fanel, ba gilashi kaɗai ba. An ga haka a iPhone 6 Plus, har kamfanin ya buɗe shirin gyara na musamman a 2016. Gwajin ba wuya: ki danne alamar wata manhaja ki ja ta a hankali zuwa kowane lungu da kowane gefe, in ta kuɓuce a wani wuri, wurin ya mutu. A Samsung za ki iya danna *#0*# a wurin kira, akwai gwajin taɓawa a ciki da za ki bi akwatuna da yatsa su sauya launi. Ki buɗe allon rubutu ki taɓa kowane harafi, ki kuma jona caja ki sake gwadawa.

In aikin zai sa wayar ta kwana a shago, ki cire layinki da memori ki tafi da su, don da layin ake karɓar lambobin shiga asusun banki. Lambar buɗe wayar kuma ki riƙe abarki, in ana buƙatar gwaji a jira ki dawo ki buɗe da kanki.